Belun Jikokin Hajiya Mairo

Malama Binta ta aiko mani cewa ranar Asabar za a sake kawo 'yan sakandare, 'yan kulob ɗin lafiya, su zauna da ni su ji yadda wanzami yake aiki da ƙungiyar lafiya ta unguwa. Na ce mata ba ni zuwa. Na taɓa zama da irinku, ya ishe ni. Da ta matsa, na ce to zan rubuta, a kai maku ku karanta a aji. Ku yi haƙuri da rubutun, daga aji huɗu aka cire ni aka rataya mani zabira, jakar wanzamai. Abin da ke ciki kuwa ku faɗa wa duk wanda kuka ga dama, ɓarnar da zai yi ya riga ya yi ta.

Sunana Sale. Wanzami ne ni, haka ubana, haka kakana, duk a Ƙofar Marusa. Na san kallon da kuke yi wa sana'ar nan. Cikin waɗanda suka zo kafinku akwai wani dogon yaro da ya ɗauki askata ya jujjuya, ya ce, “Baba, ai wannan in na zauna da kai sati guda na iya.” Aikin lafiyar ma haka kuka ɗauke shi: a je a faɗa wa mutane gaskiya, su ce to, kowa ya koma gida ya ci abinci.

Kan farko da aka ba ni ba na mutum ba ne, duma ne. Baba zai shafe shi da sabulu ya ɗora mani a cinya, ya ce in kwashe kumfar kada aska ta bar zane. In ya shafa da yatsa ya ji kwarzane, sai ya ƙwanƙwashe ni da ƙotar askar a tsakar ka. Mutum na farko da na aske kuwa wani mahauci ne mai kaurin wuya, ƙeyarsa ninki-ninki, ga ƙuraje ɓoye a cikin ninkin. Irin wannan kai sai ka sa babban yatsa ka miƙar da fatar, ka kwantar da askar, kana sauraren ƙarar gashin, don ƙarar ke gaya maka kaifi ya fara mutuwa. Ni ban san haka ba tukuna. Na yanke shi wuri biyu. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce wa Baba, “Yaron ga zai yi kyau da fawa, ka kawo mani shi.”

Abin da ke cikin zabira ba shi da yawa. Askar aski, askar kaciya, 'yar ƙaramar askar tsaga, ƙahoni, almakashi, dutsen washi, fatar goga kaifi, sai koshiya. Ƙaho in ka dasa shi a bayan mutum sai ka tsotse iskar ta tsininsa, ka toshe hujin da 'yar jijiyar da ka tauna ta yi laushi, da harshe za ka tura ta, bakinka na kan ƙahon. Koshiya kuwa ƙaramin ƙarfe ne mai lanƙwasa a kai kamar lauje. Da ita ake cire belu, ɗan naman nan da ke reto can cikin maƙogwaro. Ku je gaban madubi ku wangale baki, wanda ba a cire wa ba zai ga nasa. Tsofaffinmu sun ce in aka bar shi zai kumbura ya hana yaro cin abinci, ya sa shi tari da amai, wata rana ya fashe ya kashe shi. Haka Baba ya koya mani, haka na yi ta yi.

Abin da ba ku sani ba, a cikin birni wanzami ba mai jiran wanda ya wuce ba ne. Kowane babban gida da wanzaminsa, kuma gadonsa ake yi. In aka haihu ba sai an aiko ba, kai ne za ka ji ka je barka. Ran kwana uku ka cire belu, ran suna ka aske jariri, a fitar maka da rabonka na rago. In namiji ne ka jira shi ya tasa ka yi mashi kaciya lokacin sanyi. In maigida ya tsufa, kai ke zuwa har ɗaki ka aske shi a kan shimfiɗa. Babban gidan da na gada shi ne gidan marigayi Alhaji Lawal. Kakana ya aske Alhajin, Baba ya yi wa 'ya'yansa kaciya, ni kuma na riƙe zabira ranar sunan autansu, Kabiru. Bayan rasuwar Alhaji, matarsa Hajiya Mairo ce gidan. 'Ya'yanta manyan ma'aikata ne, akwai mai direba, amma in ta yi gyaran murya daga ɗakinta kowa gyara zama yake. Sauran gidajen layin kuma ita suke kallo. Wanda Hajiya ta yarda da shi, sun yarda da shi.

Aikin belu ga yadda yake. Da hantsi ungozoma take fito da jariri zaure. Tamu Inna Kande ce, tsohuwa mai ɗingishi, ita ta yanke cibiyar rabin unguwar. Za ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kwantar da shi a cinya ta riƙe kan. Mai jego ba ta fitowa, matan gida ba su leƙowa, don ba mai son gani. Ka danne harshen da ɗan itace mai faɗi, ka zura koshiya, ka ɗauke. Yaro ya canyara kuka, daga ciki a ce an yi. A wasu gidajen ana neman a ga ɗan naman, amma gidan da aka yarda da kai ba mai tambaya. Ungozoma ce shaida.

Malama Binta nas ce. Da ta yi ritaya sai ta tara mu, ungozomomi da wanzamai da masu kemis da wasu matan unguwa, aka kafa ƙungiya. Ta koya mana dafa ƙarfe, da sa safar hannu, da sabuwar reza ga kowane kai. Wannan ban yi gardama ba, ko makaho ya san aska ɗaya a kan mutum goma ba ta da kyau. A kan belu muka yi ta faɗa. Na ce mata kakana bai yi karatu ba amma ba mahaukaci ba ne. Rannan ta nemi izini ta kai mu ɗakin yara a asibiti, ta nuna mana wani jariri da aka kawo daga ƙauye, an cire mashi belu jini ya ƙi tsayawa, ana ƙara mashi jini ta jijiyar ka. Na ce wannan ai laifin hannu ne, ba laifin aiki ba. Da muka fito bakin ƙofa sai ta tsaya gabana ta buɗe baki har wuya.

“Duba, Malam Sale. Mi ka gani?”

“Yana nan,” na ce.

“Ubana malamin asibiti ne, ya hana a taɓa mu. Na haihu, na aurar, na yi jikoki. Yaushe zai fashe?”

Inna Kande ta ce, “Shi ya sa ba ki gajiya da surutu.”

Aka yi dariya. Amma na koma gida da abin. Na yi ta lura da yaran ma'aikatan da aka haifa a asibiti ba a taɓa su ba, ga su nan suna ƙwallo a layi kamar kowa. A zama na gaba na miƙe na ce na daina. Ni kuwa in na ce na daina, na daina.

Gida na farko da na gwada faɗin gaskiya a Ƙofar 'Yandaka ne, gidan wani tela. Na zauna da kakar yaron na yi mata bayani tiryan-tiryan yadda Malama Binta ta yi mana, har da labarin jaririn asibiti. Ta saurare ni, ta yi mani godiya, ta sa aka kawo mani fura. Kafin azahar sun kira Na-Kasuwa. Wani mutum ne mai yawo a babur ƙauye-ƙauye ranar kasuwa, ba wanda ya san wa ya koya mashi. A ƙafar wandonsa yake goge ƙarfe, kuma shi in ya zura ba kan belun yake ɗauka ba, daga tushe yake tumɓukewa. Gaskiyata ba ta hana a yanka yaron ba. Ta dai canza wanda ya yanka.

Daga nan ni da Inna Kande muka sake hanya. Ran kwana uku zan je kamar kullum. Ta fito da jariri, ta zauna ta ba ƙofar cikin gida baya. In wanke hannu, in fito da koshiya in ajiye a kan tsumma inda za ta yi ƙara a ji. In danne harshe da itacen, in duba da kyau, don wani lokaci kana ganin abin da ya kamata a kai asibiti. Jariri dai in ka danne mashi harshe sai ya yi kuka. In goge mashi baki, in ce an gama, Allah ya raya. Inna Kande ta shiga da shi tana cewa a ba shi nono. Shi ke nan. Ƙarya ce? Ku kira ta yadda kuke so. Da na gaya wa Malama Binta sai ta toshe kunne da yatsu tana dariya, ta ce ita ba ta ji ba.

Shekaru muka yi a haka. Yaran suka tashi ɓul-ɓul. Tsofaffi har yabona suke, wai hannun Sale ko jini ba ya fitarwa, yaro ya kama nono nan take. A gidan Hajiya Mairo kaɗai, duk jikan da aka haifa a shekarun nan da belunsa yake yawo, ita kuwa ta ɗauke su ta yi masu rawa.

Sai makarantarku ta roƙi ƙungiya ta riƙa ɗaukar 'yan kulob suna bin mu suna koyo. Ban ce abu ne mara kyau ba. Sun bi mata auna jarirai, sun yi yashe kwata da matasan layi, sun koyi haɗa ruwan gishiri da sukari. Ranar da aka kawo su wajena muna zaune a ƙofar gidan Malama Binta, na baje kayan zabira a kan tabarma. Cikinsu akwai Nafisa, jikar Hajiya Mairo, 'yar babban ɗanta. Ni na aske ta ran suna. Yarinya ce mai kai, ba ta barin magana rabi.

“Baba Sale, ka ce ka daina cire belu. To in tsofaffi suka nace fa? Ni na san Hajiyarmu.”

Na kalli Malama Binta. Ta ce, “Faɗa masu mana, ai koyo suka zo yi.”

Na faɗa masu. Har na kwaikwayi yadda nake ajiye koshiya ta yi ƙara. Suka yi ta dariya, dogon nan har da faɗuwa daga benci. Nafisa ta dafe baki ta ce, “Ke nan ƙananan gidanmu, su Abba da Ummi, duk suna nan da belunsu?” Na ce duk. Na ce amma maganar ta tsaya nan. Suka ce wallahi ta tsaya.

A wajensu ta tsaya ɗin, don ba su kira sunan kowa ba. Abin da suka yi, da ranar taron iyaye ta zo a makaranta, sai suka shirya wasan kwaikwayo. Dogon ya manna gemun auduga ya rataya jaka, Nafisa ta ɗaura zani ta fito ungozoma da 'yar tsana. Nufinsu mai kyau ne: a ƙarshen wasan yaran da ba a cire wa belu ba za su fito a guje suna tsalle, a ce wa iyaye ku gani, lafiyarsu ƙalau, ashe duk tsoron banza ne. Sun ɗauka da an ga haka magana ta ƙare. Sai dai Nafisa ta iya wasa. Ta yi ɗingishin Inna Kande sak, ƙafar hagu, har da yadda take dafa gwiwa kafin ta zauna. Shi kuma ya yi gyaran muryata, da yadda nake rataya zabira ta baya. Rabin matan da ke zaune a wurin 'yan unguwarmu ne. An ce an yi tafi sosai, har shugaban makaranta ya miƙe tsaye.

Kafin magariba Hajiya Mairo ta sa an tara mata jikoki. Ta ɗauki tocila da cokali, ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya tana danne harshe tana haskawa.

A satin nan matar Kabiru, Zainab, ta haifi 'ya mace. Ran kwana uku na shirya kamar yadda na saba, ban san iya inda maganar ta kai ba, na dai ga Inna Kande ba ta biyo mani ba. Ina shiga zauren na tarar da abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro: Hajiya da kanta zaune a kan kujera a zaure, jaririyar a cinyarta. Ƙananan jikokin a jere jikin bango, an yi masu wanka. Kabiru tsaye a lungu da makullin mota a hannu, ya dawo daga ofis ko bai tafi ba, ban sani ba. Na durƙusa na gaishe ta, ina kwana, ina gajiya, ya mai jego, ya kwanan baƙuwa. Ta amsa duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce:

“Sale, ubanka ya taɓa cin naman gidan ga bai yi aikinsa ba?”

“Bai taɓa ba, Hajiya.”

“To kai raguna nawa ka ci?”

Na ce, “Hajiya, ki dube su. Wa ya mutu a cikinsu? Wa ya rame?”

Ta nuna Abba da baki. “Wannan tun damina yake tari.” Ta nuna Ummi. “Wannan ba ta cin abinci sai an bi ta. Muna ta sayen magani, ashe abin na cikin wuyansu, kai da gurguwar can kun sani kuna kallonmu.” Duk wani tari da amai da aka yi a gidan tsawon shekaru, a safiyar nan an samo mashi dalili, kuma ni ne.

Nafisa ta leƙo daga ƙofar ciki, idonta ya yi ja. “Hajiya, wallahi ba shi ke sa tari ba, an koya mana, amfani gare shi...”

“Ke rufe mani baki, 'yar wasan kwaikwayo. Ke kaɗai ce ma kika yi mani amfani a gidan ga.” Ta juyo kaina. “Ba gardama na kira ka ba. Ga jaririya, ga sauran. Ka yi aikinka ina kallo, kowane ka ɗora mani a tafin hannu in gani. In ka yi, abin da ya wuce ya wuce, gidan ga naka ne kamar yadda yake na ubanka. In ba ka yi, Na-Kasuwa na bakin layi, tun da safe na aika.”

Ku da kuke cewa abin da sauƙi, ga shi nan, ku auna. Koshiyata dafaffiya ce, tana naɗe a tsumma mai tsabta, don ko da na daina aiki da ita ban daina dafa ta ba. Hannuna ya san iya inda ake tsayawa, ɗan kan kawai, abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na kuma san hannun da ke jira a bakin layi. Yaran nan yanka su za a yi ko na yi ko ban yi ba. Na ce a ba ni minti kaɗan, na fita waje na kira Malama Binta. Tana can unguwar Kambarawa wajen awon mata.

“Kada ka yi, Malam Sale. In ka yi yau, gobe kowane gida zai ce ai shi ma ya koma. Duk abin da muka gina ya rushe. Ka ja ta da magana, ga ni nan zuwa.”

Na koma na ja ta da magana iya yadda ake jan Hajiya Mairo, wato ba nisa. Na roƙe ta ta bar jaririyar ko zuwa bayan suna. Na kalli Kabiru ko zai buɗe baki. Yana ta juya makulli, idonsa na kan takalminsa. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, na riga na ce na daina.” Ta ce, “To Allah ya ba ka wani gidan.” Na naɗe kayana.

A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Na-Kasuwa yana jingine babur. Na ciro koshiyata da safar hannu na miƙa mashi. Na ce, “Don Allah yi da wannan, dafaffiya ce. Jaririyar kuma kan kawai za ka ɗauka.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, ni ba ni aiki da ƙarfen wani.” Ya shige. Ban kai ƙarshen layi ba na ji kukan na farko. Da Malama Binta ta iso a keke-napep an riga an gama, har an share zaure. Ba a ma ce mata ta shigo ba.

Sauran yaran sun warke. Sun yi kwanaki ba su cin komai sai koko, suka miƙe. Jaririyar ce jini ya ƙi ɗaukewa gaba ɗaya, yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, ta ƙi kama nono. Ran suna jikinta da zafi aka aske ta, ba ni na aske ba. Aka raɗa mata Hauwa'u. Ba su kai ta asibiti da wuri ba, saboda sun san abin da nas za ta fara tambaya in ta buɗe bakin, kuma ba wanda yake son a yi wa Hajiya faɗa a gaban mutane. Da aka kai ta wuyan ya riga ya kumbura. Ba ta kai sati biyu a duniya ba. Na bi jana'iza, na tsaya a baya. Aka ce kwana ya ƙare. Ba wanda ya kira sunan Na-Kasuwa, har yau yana shiga layin.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata. Gidaje suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba zagi. Sai dai ka ji an yi suna a gidan da ubanka ya yi wa hidima, ka ji a bakin mai shayi. Ba don jaririyar ba, don an ce Sale maha'inci ne. Yanzu a unguwarmu ba tsohuwar da ke zama a ɗaki ran kwana uku. Fitowa take ta tsaya a kan wanzami, sai an nuna mata naman. Inna Kande ba a sake kiranta karɓar haihuwa ba, ta koma wajen ɗiyarta a ƙauye, can ta rasu. Gidajen da suka rage mani su ne waɗanda dama a asibiti suke haihuwa, a asibiti suke kaciya, sai askin suna kawai, shi ma wasu da inji suke yi. Na sa benci ƙarƙashin wata bishiya wajen Ƙofar 'Yandaka ina aske tsofaffi, aikin da na baro tun ina saurayi. Ƙungiya kuwa ta ba ni hula da riga mai rubutu, aka tsayar da ni gaban taro aka ce ga wanzamin da ya ƙi, aka tafa mani.

Mun yi maganar da Malama Binta ba sau ɗaya ba. Ta ce dabararmu dama ba mai ɗorewa ba ce, ko ba yara wata rana wani likita zai buɗe bakin yaro a gaban kakarsa. Ta ce kuma ba ta koya wa kowa komai ba, uwar da ta ɗauka an cire wa ɗanta ita ma za ta sa a cire wa jikanta. Gaskiya ta faɗa. Ta ce 'yan matan da suka yi wasan nan, in sun yi aure ba za su bari a taɓa nasu ba, can ne ribar take. Wataƙila. Ni dai na ce mata Hauwa'u ba ta cikin masu cin ribar. Nafisa ta zo har benci ta durƙusa tana ba ni haƙuri. Na ce ta tashi, ba ita ta riƙe ƙarfe ba. An ce yanzu tana makarantar koyon aikin jinya.

Don haka in an kai ku wajen ungozoma ko mai kemis ko wata tsohuwa mai bin gida-gida, suka gaya maku yadda suke shawo kan mutane, ku sani ba labari suka ba ku ba. Abincinsu ne, kuma akwai ran wani a ciki. Ku tambaye su mi za a faɗa, mi ba za a faɗa ba, a gaban wa. Abin da kuka koya a aji daidai ne, ban ce ku bari ba. Amma ku da kun faɗa kuna komawa makaranta, mu ne muke kwana a layin.

Bayan wasu watanni da rasuwar Hauwa'u, wata Juma'a da hantsi, mota ta tsaya gefen bishiyar. Kabiru ne. Ya gaishe ni, ya cire hula ya zauna a benci kamar kullum nan yake aski, alhali na san shagon masu inji yake zuwa. Na yafa mashi tsumma, na jiƙa kan, na sa sabulu. Na yi rabin kai. Na gangaro gefen kunne sai ya ce:

“Malam Sale, ni tun a kan ɗana Abba na san ba ka cirewa. Likita ya nuna mani lokacin da ya yi zazzaɓi. Na ji daɗi, na yi shiru.”

Na ce, “To mi ya hana ka magana rannan?”

“Uwata ce.”

Na ci gaba da aikina. Na goga askar a fata, na kama haɓarsa na ɗaga, na fara bin wuyan. Ina jin maƙogwaronsa na motsi ƙarƙashin yatsana, na ɗage askar don kada in yanke shi.

“Zainab har yau ba ta shiga ɗakin Hajiya,” ya ce. “Ni ma ba laifinka nake gani ba.” Ya gyara tsumman da na yafa mashi. “Amma da ka yi da hannunka, Malam Sale. Da ka yi kawai.”

Wani tsoho na zaune a gefe yana jiran layi, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na share kumfar a bayan hannuna, na ce wa Kabiru ya juyo ɗaya gefen.